Masa da Masara a Masar

Ku 'yan matan nan da kuka zo mini jiya da waya a hannu, kuna nuna mini hoton wata gurasa a naɗe da nama da ganye, kuna cewa, "Mama Asabe, koya mana abincin Meksiko, mun ga a ɗan lokaci ake yi," na ce ku bari in huta sannan in ba ku amsa. To ga amsar. Wanda ya ce muku a ɗan lokaci ake yi, gari ya saya a leda. Ni da tsabar masara na fara. Shekara huɗu na yi ina bauta wa sana'ar nan a gidan wata tsohuwa a unguwar Zamalek a nan Alƙahira, kuma na fito ban samu abin da na fi so ba. Har yau abin yana ci mini rai, ba zan yi muku ƙaryar cewa na manta ba.

Ni 'yar Bauchi ce, kuma a wurinmu masa ake cewa. Kanawa ne ke cewa waina. Da can in ɗalibi ya tsaya a ƙofata ya ce, "Mama, akwai waina?" sai in ce babu, ya hau jirgi ya je Kano ya saya. Sai ya gyara bakinsa sannan in zuba. Na zo Alƙahira ne ina biye da Malam, maigidana, wanda ya zo karatu, ya gama, ya ƙi komawa, ya zama tafinta ga 'yan Najeriya masu zuwa ganin likita. Tandar uwata na riƙo a jirgi, ta ƙasa ce, baƙa ƙirin saboda mai da wuta. Da ita na ciyar da ɗaliban Hayyul Ashir, unguwar da muke zaune, shekara da shekaru. Kowace Juma'a da safe takalman samari sai sun cika bakin matakala.

A shekarar dubu biyu da goma sha ɗaya, da hargitsin gari ya ɗan lafa, Malam ya shigo gida baki har kunne. Wai wani likita Bamisire da yake kai wa marasa lafiya ya tambaye shi ko matarsa na sana'a, Malam ya ce sana'ar masa take yi. Likita ya miƙe tsaye. Ashe matarsa 'yar Meksiko ce, uwarta ta zo zama da su, kuma tun da jirage suka rikice masu kawo mata gari a akwati suka daina zuwa, tsohuwa ta ƙi cin abinci, kullum maganarta ɗaya: masa, masa. Maza biyu ke nan, babu wanda ya taɓa hura wuta a cikinsu, suka zauna suka ƙulla magana a kan abinci. Ni ma ban tsaya tambaya ba. Na ce ashe sunan Bauchi ya kai har Meksiko.

Na jiƙa shinkafa mai kyau, na niƙa, ƙullu ya tashi har yana huci. Na soya da man shanu, na yi miyar taushe, na daka ƙuli, na jera a kula, na hau tasi sai Zamalek. Mai gadin gidan ya dube ni sama da ƙasa kafin ya nuna mini lifta. Da aka buɗe ƙofa na tarar da mata a zaune a falo, an yi kwalliya kamar ranar suna. A tsakiyarsu wata gajeruwar tsohuwa, kitso biyu fari fat, da tsumman girki ɗaure a ƙugu. Ita ce Celo. Ni Inna Celo na riƙa ce mata har muka rabu.

Na buɗe kula, ƙamshi ya cika falo, ina jiran a yi guɗa. Tsohuwa ta ɗauki ɗaya, ta shinshina, ta ɓara, ta dubi 'yarta, Madam Lusiya. Wata daga cikin matan ta rufe fuska ta fara kuka a hankali.

Madam Lusiya ta ce da ni da Larabci, "Ma'alish, ina ga an yi kuskure. Mu a yarenmu masa ita ce kwaɓaɓɓiyar masara, ɗanya, wadda ake yin gurasarmu da ita."

Na ce, "Madam, wannan ita ce masa tun kaka da kakanni."

Tsohuwa ba ta da Larabci sai ɗan tsinte-tsinte, amma ta gane. Ta ɗaga yatsa ta ce, "La'a. Masa, masara."

Ni ma na ɗaga nawa. "La'a. Masa, shinkafa."

Muna tsaye kowa ta ƙi sauke yatsa, sai muka ji motsi a ƙasa. Jikarta ce, Maryam, 'yar firamare, ta durƙusa gaban kula, hannu biyu take ci, mai har haɓa. Kowa ya yi dariya ban da kakar. Da dariya ta lafa, Inna Celo ta kamo hannuna, ta juya tafin, ta shafa kantar da ke ciki. Ta sa 'yarta ta tambaye ni ko a garinmu muna dafa hatsi da wani abu ban da ruwa. Na ce muna sa kanwa, muna sa ruwan toka. Da aka fassara mata toka, sai ta riƙe hannuna da kyau ta ja ni kicin. Haka na fara aiki.

Abu na farko da za ku koya shi ne sayen masara, kuma nan ne da yawa ke faɗuwa. Ba irin mai zaƙin nan da ake gasawa a bakin kogi ba. Fara ake so, busasshiya, mai manyan ƙwayoyi. Ƙauyukan bayan Giza nake zuwa, in hau jirgin ƙasa, in sauka in shiga ƙaramar bas, in ƙarasa da ƙafa. Manomi zai rantse miki sabuwa ce. Kada ki saurari rantsuwarsa, ki zura hannu har ƙasan buhu ki ɗebo. In kin ga gari-gari a tafinki, ƙwari sun riga ki. Ki ciji ƙwaya ɗaya, in ba ta yi ƙara a haƙori ba da sauran danshi, ki bar masa kayarsa.

Sai farar ƙasa. Ba ta magina ba, wadda masu yin kayan tsami ke saye a shagon kayan ƙamshi don kokwambarsu ta yi ƙaras-ƙaras. Da ita ake dafa masarar. Ki yi mata yawa, kwaɓi ya yi rawaya ya riƙa cizon harshe. Ki rage, ɓawo ya ƙi saki, gurasa ta tsattsage a hannu. Babu cokalin awo a kicin ɗin Inna Celo. Ta ɗiba da yatsu, ta narka a ruwa, ta ɗanɗana a kan harshe ta tofar, ta miƙo mini in yi haka. Ana dafawa ne har in kin murza ƙwaya tsakanin yatsu ɓawon ya zame, amma cikin yana da sauran tauri. Sai a sauke ta kwana a ruwanta. Da safe a wanke, a murje, amma ba tas ba, domin ɗan santsin da ya rage shi ke riƙe kwaɓi. Sannan a niƙa ta a jiƙe, da injin hannu da muke ɗaurewa a gefen tebur, a maimaita har ta yi laushi. Wannan kwaɓin shi ne masarsu. A wannan fannin, ba yabon kai ba, ban daɗe ba na kai inda tsohuwa ta daina leƙa mini tukunya.

Yanzu bari in gaya muku maganar kasko, domin shi ne ciwon.

Kasko ne na ƙasa, shimfiɗaɗɗe, faɗinsa ya kai faifai babba. Na uwar Inna Celo ne, a ƙauyensu aka gina shi. A kan cinya ta riƙo shi tun daga can, ta naɗe shi da siket ɗinta, ta ƙi yarda ma'aikatan jirgi su taɓa. Ba a sa masa sabulu. Kafin a ɗora a wuta sai ta shafe shi da ruwan farar ƙasa da ɗan tsumma, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ranar da na fara ganinsa na tuna tandar uwata, na ji raina ya biya. Akwai 'yar tsaga a gefensa. Wata rana ta nuna mini tsagar, ta sa Madam Lusiya ta ce mini, "Wannan ba zai sake hawa jirgi ba. Ranar da zan koma gida, a nan zan bar shi, a hannun wadda ta isa." A lokacin ni kaɗai ce mai taya ta aiki a kicin ɗin. Tun daga ranar na ɗauke shi nawa, har na zaɓi bangon da zan rataye shi.

Gurasar kanta tortiya suke ce mata. A ɗebi curi, a tafa shi tsakanin tafuka har ya yi siriri ya zagaye, a shimfiɗa a kasko mai zafi, a juya, a sake juyawa. In komai ya yi daidai, a juyin ƙarshe sai ta kumbura, ta cika da tururi. A garinsu wai sai tortiyar yarinya ta kumbura ake cewa ta isa aure. Ni da 'ya'yana manya, tawa ta ƙi kumbura. Hannuna na ludayi ne, na saba zuba ƙullu a rami in jira. In na tafa, tsakiya ta yi kauri, gefe ya yage. Inna Celo ba ta iya faɗin sunana, Sabe take cewa, wai a yarensu ma'anarsa "ta sani". Duk lokacin da tawa ta kwanta shame-shame a kasko sai ta girgiza kai ta ce, "Sabe no sabe." Wato Ta-sani ba ta sani ba. Matan su kwashe da dariya, ni ma in yi, amma ba har ciki ba.

Masu sayenmu ba su da yawa, amma ba su da na biyu wurin naci. Mata ne 'yan Meksiko da aure ko aikin miji ya jefo Masar. Akwai matar injiniya daga unguwar Ma'adi, akwai wata ma'aikaciyar jinya, akwai wata yarinya da ta musulunta ta zo koyon Larabci, da niƙabinta take zuwa. Ba sa jira a falo. Kicin suke cika, a tsaye, kowa ta karɓi tata daga kasko, ta barbaɗa gishiri, ta naɗe, ta rufe ido. Matar injiniyan ma ba cin ne ya fi damunta ba. Tukunyar dahuwa take buɗewa ta kifa fuska a tururin, ta ce ƙamshin tsakar gidan kakarta ke nan. Sannan su hau musu, wannan ta ce a yankinsu ba a yin ta da kauri haka, waccan ta ce 'yan arewacin Meksiko ai fulawa suka sani. Ban jin yaren, amma na san musun, domin irinsa muke yi da Kanawa.

Aiki mafi nauyi a shekara shi ne na farkon Nuwamba, lokacin da suke tuna mamatansu. A lokacin ake yin tamal, wani abu mai kama da alale, kwaɓi da nama a ciki, a naɗe da busasshen ɓawon masara a turara. A can da kitsen alade suke yi, amma gidan surukin Inna Celo gidan Musulmi ne, sai ta koma man shanu. Takan ce uwarta za ta yi haƙuri, tunda ta san inda 'yarta take. Tun watanni kafin lokacin nake roƙon manoma su ajiye mini ɓawo, suna mamakin baƙar matar nan da ke neman abincin awaki. Ranar kuwa suna jera hotuna da furanni da abincin da kowane mamaci ya fi so. Ni ina gama girki nake yin sallama, wannan ba hurumina ba ne, su ma ba su taɓa tsare ni ba.

Duk wannan lokacin ban daina tawa masar ba. Ba ni na ce zan riƙa kawowa ba, Maryam ce ta kafa doka. In na shigo sai ta rugo ta rataye a wuyana, "Tant Asabe, ina masa?" Tant ɗin nan haka yaransu ke kiran babbar mace. Sai in ciro mata a 'yar roba, ta zuba zuma ta ci. Tortiyar kakarta kuwa ba ta ci. Ta ce warin bango take yi. Na lura in yarinyar ta rugo wurina, Inna Celo takan juya baya ta kama wankin tukunya da ƙarfi. Na ɗauka halin tsufa ne.

Da hannuna na kawo wa kaina Nafisa. A shekara ta biyu kafaɗata ta fara ciwo saboda juya injin niƙa, na ce bari in nemo mai taya ni. Nafisa Bahausar Sudan ce, kakanninta sun taso aikin Hajji da ƙafa suka zauna a hanya. Yaƙi ya koro ta Masar, tana zaune a Arba wa Nus, unguwar baƙi can gabashin gari. Hausarta irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabcin Sudan. Mace ce mai shiru, ga ladabi, wanda shi ya fi ba ni haushi daga baya, domin ba ta ba ni dalilin faɗa. Na ce mata niƙa kawai za ta yi.

Ba ta yi sati ba, ina wanke masara na ji tsohuwa ta ce mata, "Yalla, gwada." Abin da ban tuna ba shi ne 'yan Sudan tun suna yara suke yin kisra, gurasarsu mai sirantaka kamar takarda, a kan ƙarfe mai zafi. Yatsun Nafisa sun saba da wuta. Ta tafa, ta shimfiɗa, ta juya. Abu ya tashi ya yi tim. Kicin ya kaure da ihu. Inna Celo ta kama kanta ta sumbaci goshinta. Ni ina tsaye hannuna cikin ruwan farar ƙasa, yana ci mini fata.

Nafisa ta waiwayo ta ce, "Yaya Asabe, kwaɓinki ne mai kyau, wallahi."

Na ce, "Na sani."

Kishi na ji, irin mai hana cin abinci. Ku riƙe wannan, domin kowace sana'a haka take: wanda ya yi wahalar ba lalle ne shi ake tafa wa ba. Ni ke zuwa Giza, ni ke ɗanɗana farar ƙasa har harshena ya yi kanta, ni ke sanin lokacin saukewa. Amma mai saye kumburi take gani. Aka koma cewa "tortiyar Nafisa". Tsohuwa ta bar mata gaban kasko, har ta koya mata shafa shi da tsumma, abin da ni ban taɓa samun izini ba. In na koma gida in ta zuba wa Malam ƙorafi. Shi kuwa sai ya ce, "To ke da kike da tanda, me za ki yi da kasko?" Ban taɓa jin tambayar banza irin wannan ba.

Sai mummunar shekara ta zo, dubu biyu da goma sha uku. Da zafi ya shigo gari ya sake rikicewa, aka sa dokar hana fita, aka tare hanyoyi, unguwarmu ma tana kusa da inda abin ya fi ƙamari. Tukunyar gas ta zama sai wane da wane. Wuta a ɗauke a kawo, kwaɓin da ka sa a firji ka tarar ya yi tsami. Ba damar zuwa Giza, sai masarar da na samu a kusa, rabi ƙwari, in zauna in tsince ɗaya-ɗaya. Kamfanoni suka kwashe iyalan ma'aikatansu, matar injiniya ta tafi ko sallama ba mu yi ba. Kicin da ke cika ya koma mu kaɗai. Madam Lusiya ta ce a dakata. Tsohuwa ta ce ko mutum ɗaya ya rage za a ɗora kasko. Muka koma gawayi a baranda, maƙwabta suna ƙorafin hayaƙi.

A wannan lokacin Nafisa ta daina zuwa, domin ana tare baƙi a hanya ana tambayar takardu, nata kuwa ba su cika ba. Allah ya sani na tausaya mata, har na aika mata da shinkafa. Amma da na ga gaban kasko babu kowa, zuciyata ta yi sanyi. Na riƙa ratsa gari, wani wuri bas, wani wuri ƙafa, ban taɓa fashi ba. Na tafa, na tafa, har tafukana suka yi ja. Wata safiya na juya ɗaya, sai na ga gefe ya ɗaga, ya ɗaga, ta cika tim. Na waiga in nuna wa Inna Celo, ashe ta shiga ciki amsa waya. Na ƙwala mata kira. Kafin ta jawo ƙafa ta iso, abin ya sace. Maryam kaɗai ta gani, ita kuwa hankalinta na kan robar masarta. Daga baya ta riƙa kumbura mini jefi-jefi, tsohuwa ta gani, ta ce, "Tamam," ba sumba ba komai. Duk da haka na ce a raina, wanda ya tsaya a mummunar shekara ai shi ne mai kasko.

Gari ya lafa, Nafisa ta dawo, wasu matan suka dawo, sababbi suka zo. A dubu biyu da goma sha biyar gwiwoyin Inna Celo suka gaza, ta ce gida za ta koma, ba ta son a binne ta inda ba a san sunan uwarta ba. Ta sa aka kira mu ni da Nafisa. Na sa atamfata mai kyau, na ɗauko tsohon bargo a jaka don naɗe kasko.

Muka zauna a kicin, Madam Lusiya na tsaye don fassara. Tsohuwa ta sauko da kasko, ta shafa shi, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ɗora shi a cinyar Nafisa.

Nafisa ta ce, "A'a, Inna, Yaya Asabe ce babba."

Ni kuwa ban yi kawaici ba. Na ce, "Inna, wa ya tsaya miki lokacin da kowa ya gudu? Wa ke dafa masarar? Madam, ki faɗa mata yadda na faɗa, kada ki rage."

Aka faɗa mata. Sai tsohuwa ta ɗaga murya ta kira Maryam. Yarinya ta shigo da littafin makaranta a hannu, ta yi tsawo a lokacin. Kakar ta tambaye ta da ɗan Larabcinta, don in ji da kunnena, "Maryam, mece ce masa?"

Maryam ta yi dariya. "Haba Teta, kakata. Ta Tant Asabe mana, ta shinkafa, wadda ake ci da zuma."

Tsohuwa ta ce wa yarinyar ta tafi. Sannan ta juyo ta yi magana mai tsawo da yarensu, idonta a kaina. Madam Lusiya ta ce, "Mama..." Tsohuwa ta buga tebur. Sai ta fassara, kanta a ƙasa.

"Ta ce daga wancan ƙarshen duniya ta ɗauko kaskon nan a cinyarta, ba don matar injiniya ba, don yarinyar nan ce. Don ta san abin da uwar uwarta ta ci. Ta ce ke kuwa da kula ɗaya kika shigo, kika riga ta. Yanzu in jikarta ta ce masa, ba ita take nufi ba. Ta ce kin ɗauke mata kalma daga bakin jikarta, kuma kina so ki haɗa da kasko?"

Na ce, "Amma hannuna..."

Wannan karon ba ta jira fassara ba. Ta ce da Larabci, a gutsure, "Hannunki tamam, Sabe. Ke kin sani. Ni ce ba zan iya ba ki ba. Kishi nake da ke. Tun ranar farko. Khalas, magana ta ƙare."

Na zauna da bargona a jaka. Shekara uku ina hararar Nafisa, ashe tukunyar da ake wankewa da ƙarfi a bayana, da ni ake. Ban yi kuka ba, ban kuma ce na yafe ba. Na tashi na taya Nafisa naɗe kaskon da bargon nawa, tunda ita ba ta zo da komai ba, muka sauka tare.

Ana sauran kwanaki ta tafi na sake zuwa, da kula kamar ranar farko. Maryam ta rugo, "Tant Asabe, masa!"

Na riƙe murfin kular. Na ce, "Maryam, na daɗe ina faɗa miki ba daidai ba. Wannan sunanta waina."

Ta ce, "Wai-na?"

Na ce, "Waina. Masa ita ce waccan." Na kama hannunta na kai kan kwaɓin da ke cikin kwano, na danna yatsunta a ciki. "Wannan ta kakarki ce, ta uwar kakarki ce. Faɗi in ji."

Ta yamutsa fuska ta ce, "Masa." Ta shinshina yatsunta. "Har yanzu warin bango take yi."

Inna Celo na zaune a kujera tana kallonmu. Ba ta gode mini ba, ba ta kuma ce a dawo da kasko ba. Ta dai miƙo hannu ta ɗauki waina ɗaya ta kai baki, abin da ba ta taɓa yi ba tun da muka haɗu, ta cinye tas, ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Kasko yana Arba wa Nus har yau, a rataye a bangon Nafisa. Ta yi suna, har gidajen jakadu ake kai gurasarta, kuma kwaɓina take gasawa, domin ba ta taɓa iya dahuwa ba. In na kai mata, nakan zauna in ba bangon baya. Ta sani, ba ta taɓa cewa komai ba, ladabin nan nata yana nan yana ba ni haushi. Maryam ta girma, takan zo ta ci wainarta, wani lokaci kuma ta tsaya gaban kwanon kwaɓi tana kallonsa.

To ku 'yan mata, in da gaske kuke, ku zo ran Asabar da tsabar masara, fara, ba gari a leda ba. Ku yanke farce. Za ku ɗanɗana farar ƙasa, za ku niƙa har kafaɗa ta amsa, kuma ba na yi muku alkawarin za a tafa muku. In yunwa ta kama ku a tsakani, tandar uwata na kan wuta. Jiya da kuka shigo na ji ɗayarku tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa an ce Maman Bauchi ba ta son a ce waina. Wannan da can ne. Ku ce waina, zan zuba muku. Masa kam na bayar da ita.